Babi na Bakwai: Majami'un Zana da Haƙƙin Zama a Yammacin Omdurman

Kasuwar Libiya tana yammacin Omdurman, cikin yankin Umbadda, daidai inda gine-ginen birni suke fara sirancewa hamada ta karɓi ragowar ƙasar, kuma ta samo sunanta daga hajar da fatake suka riƙa shigowa da ita daga Libiya ta hanyar sahara. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 tana cikin manyan kasuwannin sari na Sudan baki ɗaya, inda ake sauke dilolin yadi da takalma da turare da kayan lantarki, a sake loda su a manyan motoci zuwa Kordofan da Darfur har cikin Cadi, ga kuma babbar kasuwar dabbobi ta Muwailih can gaba da ita. Masu dako da turin baro da wanki da sayar da shayi, waɗanda kasuwar ba ta motsi sai da guminsu, a lokacin mafi yawansu suna kwana ne a unguwannin da ke bayanta, wato Darus Salam da Wad al-Bashir da sansanin 'yan gudun hijira na Salam. A irin waɗannan unguwanni, da takwarorinsu na Mayo da Jabal Auliya da Haj Yusuf, Kiristocin Sudan na ɗariku daban-daban suka koyi magana da murya ɗaya a gaban hukuma.

Ɗarika a nan tana nufin reshen addinin Kirista mai nasa shugabanci da tsarin ibada, kamar Katolika da Angilika da Kibɗawa da majami'un bishara. An saba ɗaukar haɗin kan ɗariku a matsayin aikin malaman tauhidi da ke zama a zaure suna daidaita saɓanin aƙida, amma tarihin Khartum ya nuna wata hanya dabam, domin abin da ya tara waɗannan majami'u wuri ɗaya shi ne tambayar wa yake da haƙƙin zama a babban birnin ƙasarsa, da fuloti da ruwan sha da makarantar yara, kuma ƙarfinsu ya riƙa ƙaruwa ko raguwa gwargwadon yadda suka riƙe wannan tambaya a matsayin ta kowane talaka.

Rabon da Turawa suka yi

Rarrabuwar da aka zo ana ɗinkewa ba ta rasa tushe ba. Bayan sojojin Ingila da Masar sun ci Omdurman a yaƙin Karari cikin watan Satumba na 1898, gwamnatin da suka kafa ta hana 'yan mishan wa'azi a tsakanin Musulmin arewa, don gudun sake hura wutar Mahdiyya, wato daular da suka kayar a wannan yaƙi, ta bar musu makarantu da asibitoci a Khartum da Omdurman, sannan ta yanka kudancin ƙasar yanki-yanki ta ba kowace ƙungiya nata. Limaman Katolika, magadan Daniel Comboni wanda ya rasu a Khartum a 1881, sun sami mafi yawan Bahr al-Ghazal. 'Yan Angilika sun kama yankin Bor da wasu sassan Ekwatoriya. 'Yan Presbiteriya na Amurka kuwa sun kafa tasharsu kusa da Malakal a 1902, suka yi aiki cikin ƙabilun Shilluk da Nuer. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mai karatu a arewacin Nijeriya, inda Turawa suka taƙaita aikin mishan a masarautu, kuma har ƙungiyoyin ma a wasu wuraren ɗaya ne: SUM, wadda ta fara aiki a Wase a 1904, ita ce ta shiga Duwatsun Nuba wajen 1920, daga aikinta aka sami Majami'ar Almasihu ta Sudan, yayin da SIM, uwar majami'ar ECWA, ta isa yankin iyakar Sudan da Habasha a ƙarshen shekarun 1930. Sakamakon wannan rabo shi ne ƙabilar mutum da garinsu suke zaɓa masa ɗarika, ta yadda ɗan Bor zai tashi ɗan Angilika, ɗan Nasir ya tashi ɗan Presbiteriya, mutumin Wau kuma ya tashi ɗan Katolika, kowa yana ibada da harshensa ba tare da ya taɓa shiga majami'ar ɗan'uwansa ba. A arewa kuwa akwai Kibɗawa, mabiya tsohuwar majami'ar Masar, waɗanda suka daɗe a unguwar Masalma ta Omdurman, 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis da masu kantin magani, masu Larabci a matsayin harshen gida.

Matsin hukuma ne ya fara karya wannan shinge. A 1957 gwamnati ta karɓe makarantun mishan na kudu, a 1960 gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Abbud ta mayar da ranar hutun mako a kudu daga Lahadi zuwa Juma'a, a 1962 ta kafa dokar da ta wajabta wa ƙungiyoyin mishan neman lasisi kafin kowane aiki, sannan a watan Fabrairu na 1964 ta kori 'yan mishan baƙi kimanin 300 daga kudu. Shekara guda bayan haka, a 1965, aka kafa Majalisar Majami'u ta Sudan a Khartum. Abin da ya bambanta ta da yawancin irinta a wancan zamani shi ne Katolika da Kibɗawa sun zauna cikinta tare da Angilika da majami'un bishara, alhali a ƙasashe da dama Katolika tana tsayawa ne daga waje; a Nijeriya ma sai a 1976 aka kafa ƙungiyar CAN wadda ta tara ɓangarorin duka. Babbar nasarar farko ta zo a 1972, lokacin da Majalisar Majami'u ta Duniya da Taron Majami'un Afirka suka shiga tsakani, aka ƙulla yarjejeniyar Addis Ababa tsakanin gwamnatin Ja'afar Numairi da 'yan tawayen kudu na Joseph Lagu, limamin Angilika ɗan Laberiya Burgess Carr yana jagorantar zaman, wakilin majalisar ta Sudan kuma yana cikin shaidu. Zaman lafiyar ya ɗore shekara 11.

Gefen birni

A 1983 yaƙi ya sake ɓarkewa a kudu, a watan Satumba na shekarar Numairi ya ƙaddamar da dokokin da ya kira na shari'a a kan ƙasar gaba ɗaya, sai kuma farin 1984 zuwa 1985 ya kwararo da mutanen Kordofan da Darfur, Musulmi ne mafi yawansu, suka yada zango a Muwailih da dabbobin da suka rage musu. Yunwar Bahr al-Ghazal ta 1988 da yaƙin Duwatsun Nuba suka ƙara turo dubban ɗaruruwa, har aka yi ƙiyasin cewa 'yan gudun hijirar da ke kewayen Khartum sun kusa miliyan biyu, adadin da ba a cika samun irinsa a wani birni guda a duniya ba a lokacin. Sun kafa bukkoki da buhuna da kwali da zana a kan juji da filayen masana'antu da duk wani sarari da ba a yi wa awo ba, kuma ambaliyar watan Agusta na 1988 ta share da yawa daga cikinsu cikin kwanaki kaɗan.

Gwamnatin Umar al-Bashir, wadda ta hau mulki ta juyin mulkin 30 ga Yuni, 1989, ta ɗauki waɗannan unguwanni a matsayin matsalar tsara birni da ta tsaro a lokaci guda. Daga 1990 aka shiga rusau da katafila, a farkon shekarun 1990 kuma aka kwashe jama'a a manyan motoci zuwa sansanoni huɗu da hukuma ta amince da su, biyu daga ciki, Wad al-Bashir da Salam, suna yammacin Kasuwar Libiya, a busasshiyar ƙasa mai nisa da kogi da wuraren aiki. Adalci ya buƙaci a faɗi cewa hukumar jihar Khartum, ƙarƙashin ministan gidaje Sharafuddin Bannaga, tana da hujjarta, wato birni ba ya rayuwa da unguwannin da ba hanya ba magudana, kuma iyalai da yawa sun sami fuloti na dindindin a Darus Salam ta wannan shiri. Sai dai samun fulotin yana buƙatar takardar shaidar zama ɗan ƙasa da shaidar daɗewa a birni da kuɗin awo, waɗanda macen da ta tsere daga ƙauyen da aka ƙona, da goyo a bayanta, ba ta da ko ɗaya.

Ginin da majami'u suka kafa a waɗannan wurare ya cancanci a dube shi da kyau, domin a cikinsa haɗin kan ya samu. Rumfa ce ta zana ko ta jar ƙasa mai rufin ciyawa ko tsohon kwano, da benci na itace ko dakalin laka, da allo guda a jikin bango. Daga safiya zuwa azahar makaranta ce, inda malami ɗan gudun hijira yake koyar da yara masu tarin yawa a aji ɗaya. Da la'asar mata suna koyon karatu da ɗinki. Wata rana ma'aikacin jinya ya zo da akwatin magani ya auna yara masu tamowa. Ranar Lahadi kuma a share ƙasa, a yayyafa ruwa, a kafa gicciye, ta zama majami'a. Ruwan da ake yayyafawa saye ake yi daga masu amalanken jaki da ke jan ganguna, kuma kuɗin ruwa yana cinye babban kaso na abin da mai dako ya samo a kasuwa. Babban Bishop na Katolika a Khartum, Gabriel Zubeir Wako, ya fara shirin irin waɗannan makarantu a tsakiyar shekarun 1980, suka yaɗu har suka ɗauki yara dubban gomomi, ciki har da 'ya'yan Musulmi maƙwabta. Majalisar Majami'u da hukumar agaji ta Katolika mai suna Sudanaid suka riƙe ɗakunan shan magani da rabon abinci, kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci kuma cikin gasa, da ƙungiyoyin agaji na Musulunci da gwamnati take fifitawa.

Motar da ta kwaso mutane ba ta tambayi kowa ɗarikarsa ba, don haka ɗan Bor da ɗan Nasir da ɗan Wau da ɗan Heiban ta Duwatsun Nuba suka wayi gari a layi ɗaya, suna sayen ruwa daga jaki ɗaya, yaransu suna magana da Larabcin Khartum maimakon harsunan iyayensu. Idan katafila ta zo kuma, hujjar hukuma ɗaya ce a kan kowace rumfa, wato an gina ta ba da izini ba a kan ƙasar da ba a yi wa rajista ba. Shugabannin majami'u kuwa amsarsu ita ma ɗaya ce, cewa an shafe shekaru masu yawa ba a ba da izinin gina sabuwar majami'a a Khartum ba, kuma idan an yanka sabuwar unguwa akan ware wa masallaci fili a manta da su. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ba ya jira a gaya masa ya shafa wa nasa ruwa, kuma da haka fasto da fada da mai wa'azin ƙauye suka fara rattaba hannu a takardar koke guda.

Akwai kuma batun mata, wanda ya fi kowane ɗaci. Matan kudu da na Nuba da yawa ba su da sana'a sai dafa marisa, giyar dawa mai kama da burkutu, ko tsantsar da ake kira aragi, ko sayar da shayi a bakin titi, kuma dokar laifuka ta 1991 da dokar tsarin jama'a ta jihar Khartum ta 1996 sun buɗe ƙofar samamen 'yan sanda da ake kira kasha, inda ake kwashe tukwane da kujeru, a yanke hukuncin bulala ko tara ko ɗauri cikin 'yan mintuna. Gidan yarin mata na Omdurman ya cika da irin waɗannan mata, wasu da jarirai a hannu. Majami'u ba su taɓa yarda da sana'ar giya ba, wasunsu ma sun haramta ta ga mabiyansu, amma sun kai abinci gidan yari, sun tara kuɗin tara, sun kuma tsaya a kan cewa hukuncin da aka ce na Musulmi ne bai kamata ya hau kan wanda ba Musulmi ba, ba kuma daidai ba ne a hukunta talauci a bar abin da ya haife shi.

Daga koke zuwa fito-na-fito

Ziyarar da Fafaroma John Paul na Biyu ya kai Khartum ranar 10 ga Fabrairu, 1993, ta yini ɗaya ce kacal, amma taron da ya cika Koren Dandali ya nuna wa gwamnati da mazauna tsakiyar birni yawan mutanen da ke ɓoye a gefensa, domin ba Katolika kaɗai suka fito ba. A 1994 aka soke dokar mishan ta 1962, sai dai hukuma ta yi yunƙurin maye gurbinta da tsarin da zai sa majami'u su yi rajista tamkar ƙungiyoyin sa-kai, shugabanninsu kuwa suka ƙi, bisa hujjar cewa wanda yake ba da rajista yana iya janye ta. A 1998 aka kama limaman Katolika biyu, Hilary Boma da Lino Sebit, tare da wasu mutane, bisa zargin hannu a tashin bama-bamai a Khartum, aka gurfanar da su gaban kotun soja, ba a sake su ba sai a ƙarshen 1999.

Karon da ya fi fitowa fili ya faru a makon Ista na watan Afrilu, 2001. Majalisar Majami'u ta shirya taron haɗin gwiwa a Koren Dandali, ta gayyato mai wa'azin nan ɗan Jamus Reinhard Bonnke, wanda mutanen Kano ba su manta da tarzomar da shirin zuwansa ya haddasa a watan Oktoba na 1991 ba. Gwamnati ta soke izinin ana gab da farawa, tana kafa hujja da tsaro, ta ce a koma wani fili a bayan gari. Washegari jama'a daga ɗariku daban-daban suka taru a babbar majami'ar Angilika ta Dukan Tsarkaka don su rubuta takardar koke, 'yan sanda suka afka musu da hayaƙi mai sa hawaye har cikin ginin, aka kama mutum fiye da 100, aka yi wa da dama bulala bayan shari'ar gaggawa. Ana iya yin saɓani a kan hikimar gayyatar baƙon da sunansa yake tayar da hankali, kuma cikin Kiristocin ma akwai waɗanda salon wa'azinsa bai kwanta musu ba. Abin da ba a saɓani a kansa shi ne harba hayaƙi cikin ɗakin ibada a kan mutanen da suka zauna rubuta wasiƙa zalunci ne.

A wannan tsakanin majalisar ta zama biyu, domin a 1990 bishop ɗin Katolika Paride Taban da na Angilika Nathaniel Garang sun jagoranci kafa Sabuwar Majalisar Majami'u don yankunan da ke hannun 'yan tawayen kudu na SPLA, waɗanda ofishin Khartum ba ya iya kaiwa. Majalisun biyu sun ƙi yarda layin daga ya raba su, suna haɗuwa a ƙasashen waje su fitar da sanarwa ɗaya. Ta kudu ce ta shirya taron sulhu na Wunlit tsakanin Dinka da Nuer a 1999, sannan a 2002 su biyun suka fito ƙarara suka goyi bayan a bar mutanen kudu su zaɓi makomarsu da kansu, matsayin da ya shiga yarjejeniyar Machakos ta watan Yuli na shekarar, daga nan ya shiga babbar yarjejeniyar zaman lafiya ta 9 ga Janairu, 2005. A ƙuri'ar raba gardama ta Janairu, 2011, kusan kashi 99 cikin 100 suka zaɓi ɓallewa, ranar 9 ga Yuli kuma aka haifi Sudan ta Kudu.

Waɗanda aka bari

Babu mai musun cewa yaƙin da ya ci rayuka kimanin miliyan biyu ya wajaba a tsayar da shi, amma wannan nasara ta zo da farashin da majami'u ba su auna shi sosai ba. Da buƙata ta koma neman ƙasa ta dabam, tambayar farko, wato haƙƙin kowane ɗan Sudan a Khartum ko mene ne addininsa da launinsa, ta koma baya. A wani jawabi a Gadarif cikin Disamba, 2010, al-Bashir ya faɗa a fili cewa idan kudu ta ɓalle ba sauran maganar bambancin al'adu da ƙabilu. Aka gyara dokar zama ɗan ƙasa, 'yan asalin kudu suka zama baƙi a unguwannin da aka haife su, aka ba su wa'adi zuwa Afrilu, 2012. Dubban ɗaruruwa suka tafi ta jiragen ruwa da motoci, azuzuwa suka zama kango, majalisar da ta sake haɗewa a 2007 ta sake rabuwa bisa sabuwar iyaka. Waɗanda suka rage mafi yawansu mutanen Nuba ne da na Shuɗin Nilu, waɗanda yaƙi ya sake ɓarkewa a yankunansu a 2011, tare da Kibɗawa da baƙi 'yan Habasha da Eritiriya. Ba abin mamaki ba ne cewa Ezekiel Kondo, wanda ya zama shugaban Angilikan Sudan a 2017, da Michael Didi, wanda ya gaji Zubeir Wako a kujerar Khartum, dukansu 'yan Duwatsun Nuba ne.

Shekarun da suka biyo baya sun fi tsanani. A Afrilu, 2012, wasu gungun mutane suka ƙona harabar majami'ar bishara da makarantar Littafi Mai Tsarki a Jiref ta Yamma. Jami'an gwamnati suka bayyana cewa ba za a ƙara ba da izinin gina majami'a ba tun da 'yan kudu sun tafi. A 2014 aka yanke wa Maryam Yahaya Ibrahim hukuncin kisa bisa zargin ridda, ta haihu a gidan yarin Omdurman, kuma lauyoyi Musulmi ne suka tsaya mata har kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta. Makamin da ya fi cutarwa kuwa shi ne raba majami'u daga ciki, inda ma'aikatar harkokin addini take amincewa da wani kwamiti dabam da wanda mabiya suka zaɓa, kwamitin kuma ya ba 'yan kasuwa hayar filayen majami'a ko ya sayar. A kan irin wannan rikici aka daɓa wa wani dattijon majami'a, Yunan Abdullah, wuƙa a makarantar bishara ta Omdurman a Afrilu, 2017, ya mutu. A farkon shekarar majalisar ta kira taron manema labarai ta yi tir da umarnin rushe majami'u fiye da 20 a jihar Khartum, amma a watan Mayu aka rushe ta Soba al-Aradi. Dole a yarda cewa a wannan zamani muryar majalisar ta ƙanƙance, ta koma kare gine-gine da takardun filaye, kuma ba kowace ɗarika ce take jin zafin daidai da 'yar'uwarta ba, domin Bakibɗe mai kanti a tsakiyar birni yana da abin da zai yi asara idan ya ɗaga murya, yayin da ɗan Nuba na Umbadda ba shi da wanda zai saurare shi ko ya ɗaga.

A nan ne labarin ya taɓo Hausawan Sudan, waɗanda Musulmi ne, jikokin mahajjata da na muhajiran ayarin Sarkin Musulmi Attahiru da suka ci gaba da tafiya bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda ɗansa Muhammadu Bello ya kafa wa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Su ma an tashe su daga tsohuwar unguwarsu ta Ishash Fallata a Khartum, su ma sun sha tambayar takardar zama ɗan ƙasa bayan zuriya uku ko huɗu a ƙasar, kuma a watan Yuli na 2022 sun yi zanga-zanga a Khartum da wasu birane bayan kashe-kashen Shuɗin Nilu, waɗanda tushensu gardama ce a kan ƙasa da sarauta. Addini bai kuɓutar da su daga katafila ko ofishin rajista ba, wanda ke nuna cewa abin da majami'un gefen birni suke kuka a kansa ya fi faɗin batun Musulmi da Kirista.

Dandalin zaman dirshan da abin da ya biyo baya

Zanga-zangar da ta tashi a watan Disamba na 2018 kan tsadar burodi ta dawo da tambayar farko bakin kowa. Ranar 6 ga Afrilu, 2019, jama'a suka kafa zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, ranar 11 aka tuɓe al-Bashir, ranar Lahadi 14 ga wata kuma shugabanni da mabiyan majami'u daban-daban suka shigo dandalin suka yi addu'a da waƙoƙin ibada a fili, Musulmi masu zanga-zanga suna kewaye da su. Ba filin majami'a suka zo nema ba a wannan rana. Taken da kowa yake rerawa, na 'yanci da zaman lafiya da adalci, shi suka ɗauka, kuma matan shayi, waɗanda Awadiya Mahmud Koko ta shafe shekaru tana haɗa kansu a ƙungiya, suna cikin masu ciyar da dandalin. Kisan da jami'an tsaro suka yi a dandalin ranar 3 ga Yuni ya tarwatsa zaman, amma gwamnatin riƙon ƙwarya da aka kafa a watan Agusta ta sanya Raja Nikola, Bakibɗiya, cikin majalisar mulkin ƙasa. A Nuwamba aka soke dokar tsarin jama'a. A Kirsimetin shekarar ministan harkokin addini Nasruddin Mufarrih ya nemi gafarar Kiristoci a bainar jama'a. A 2020 kuma aka rushe kwamitocin da hukuma ta ɗora wa majami'u, aka cire hukuncin ridda daga dokar laifuka. Abin da koke-koken shekara 30 suka kasa samowa ya samu cikin shekara guda da 'yan watanni, da zarar buƙatar ta zama ta gama-gari.

Juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021, ya tsayar da wannan tafiya, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF kuma ya rusa birnin kansa. An kai hari majami'ar Kibɗawa ta Mar Girgis a Masalma cikin watan Mayu na 2023, an mayar da wasu majami'u da masallatai sansanin mayaƙa, Kasuwar Libiya ta faɗa hannun RSF har zuwa ƙarshen Maris, 2025, lokacin da soja suka sanar da ƙwace ta. Aikin ciyarwa ya koma hannun matasan unguwanni masu ɗakunan agajin gaggawa da tukwanen takiyya, wato girkin sadaka da aka gada daga zawiyoyin Sufaye, inda ba a tambayar mai kwano addininsa. Bayan komawar hukuma Khartum an sake shiga rushe unguwannin da ba su da awo, kuma a watan Yuli na 2025 katafila ta rushe wata majami'ar Fentikos a Haj Yusuf, ɗaya daga unguwannin da 'yan gudun hijira suka cika tun shekarun 1980.